Daga RGB zuwa CMYK: amsoshin tambayoyin da masu dizain ke yawan yi idan kala ta canza a wajen bugu

Tambayoyin nan kusan duk mai yin zane a kwamfuta ko waya sai ya yi su wata rana, yawanci ranar da ya karɓo aikinsa daga maɗaba'a ya ga ba abin da ya tura ba kenan. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, inda amsa ta dogara da wata zan nuna maka lambarta.

1. Me yasa kalar da nake gani a allo ba ita ke fitowa a takarda ba?

Saboda allo haske yake fitarwa, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, na ɗaki take mayar maka. Allon wayarka ko na kwamfuta ƙananan fitilu ne guda uku-uku, ja da kore da shuɗi, idan ka kunna su duka da ƙarfi sai ka samu fari, idan ka kashe su duka sai baƙi. A takarda abin juyewa yake, farin yana nan tun farko, duk tawadar da ka ɗora rage haske take yi, ka ƙara wata a kai ta ƙara ragewa har ka kai ga duhu. Kaga kenan wanda yake ƙara haske da wanda yake rage shi ba yadda za a yi su kai wuri ɗaya a kowace kala.

Ina so ka riƙe wannan tun yanzu, don yawancin ɓacin ran da ake yi da masu bugu daga nan yake. Ba injin ne ya lalace ba, ba kuma mai bugun ne ya yi maka ha'inci ba. Akwai kalolin da tawada huɗu ba za su taɓa iya yi ba ko da injin sabo ne fil. Aikinka shi ne ka san waɗanne ne, ka yanke shawarar abin da zai maye gurbinsu da kanka kafin inji ya yanke maka.

2. Menene ma'anar RGB da CMYK ɗin ma?

RGB haruffan farko ne na ja, kore, shuɗi a Turance. Kowanne yana da daraja daga 0 zuwa 255, to idan ka lissafa 256 sau 256 sau 256 zaka samu 16,777,216, adadin kalolin da fayil na yau da kullum zai iya rubutawa kenan. CMYK kuma tawada huɗu ne: siyan wato shuɗi mai haske mai ɗan ratsin kore, majenta wato ja mai karkata zuwa ruwan hoda, rawaya, sai baƙi. Su da kashi ake auna su, daga 0 zuwa 100. K ɗin na baƙi ne, daga kalmar Key, sunan filet ɗin da ake daidaita sauran a kansa, filet kuwa shi ne farantin da inji ke buga kowace tawada da shi. An ƙara baƙin ne don idan ka haɗa ukun farko ba baƙi sosai suke bayarwa ba, wani ruwan ƙasa mai dauɗa ne, kuma takarda ta jiƙe sharkaf.

Idan ka samu gilashin ƙara girma ka ɗora shi a kan hoton mujalla ka duba. Babu ruwan lemo a wurin, babu kore, ɗigo-ɗigo ne ƙanana na waɗannan huɗun a jere kamar ƙananan furanni, idonka ne yake haɗa su daga nesa. Ranar da na fara ganin wannan ne na fahimci abin da ake nufi da juya kala, wato fassara ce daga yaren haske zuwa yaren ɗigo.

3. Waɗanne kaloli ne suka fi lalacewa?

Masu walƙiya. Shuɗi mai ƙarfi, kore mai haske irin na fitila, ruwan lemo mai ƙuna, ruwan hoda mai ɗaukar ido, da shunayya mai sheƙi. Su ne suke wajen iyakar abin da tawada za ta iya. Ja yana ɗan dusashewa amma ana jurewa, rawaya kam tana fitowa lafiya lau don ita tawada ce da kanta. Kalar ƙasa, toka-toka, fatar mutum, ganye mai duhu, waɗannan yawanci ko ka juya da kyar zaka ga bambanci.

4. Shuɗina ya koma shunayya, me na yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa kuma ni ma ta taɓa cina. Na yi bangon wani ɗan littafi da shuɗi tsantsa, 0 ja, 0 kore, 255 shuɗi, a allo kamar ka taɓa shi don kyau. Na tura a haka ban juya ba ban tambayi kowa ba. Da na je karɓa sai na tarar da tarin bango ruwan shunayya mai duhu, raina ya ɓaci na fara magana, sai dattijon da ke kan injin ya ce min, ɗana zo ka gani. Ya buɗe fayil ɗin ya ɗora alamar auna kala a kan shuɗin, siyan na wajen 88, majenta na wajen 77. Ya ce duba yadda suka kusa yin kai ɗaya, duk inda majenta ta matso kusa da siyan haka, shunayya za ka gani a takarda. Na ce Baba to ya zan yi, ya ce ka rage ja ɗin, wato majentar, da hannunka.

Dokar da masu bugu ke bi ita ce siyan ya fi majenta da aƙalla maki 30. Misali siyan 100, majenta 70 ko ma 60, rawaya 0, baƙi 0, zai baka shuɗi mai nutsuwa wanda kowa zai kira shuɗi. Ba zai yi walƙiyar na allo ba, wannan kam ka haƙura da shi, amma ba zai sauya suna ba. Idan shuɗin na tambarin kamfani ne da ba a yarda ya motsa ko kaɗan ba, duba tambaya ta 15.

5. To in fara aikin a CMYK tun farko mana in huta?

Ya danganta da irin aikin. Idan tambari ne, kati, fulaya mai rubutu da kaloli shimfiɗaɗɗu da kake yi a Illustrator ko CorelDRAW, kuma ka san bugu kawai za a yi, eh fara a CMYK ka rubuta lambobin kalarka da hannu, ya fi tsafta. Amma hoto na kyamara ko zanen da kake fentawa da alƙalamin allo, ni shawarata ka bar shi a RGB har ƙarshe. Dalili, RGB ya fi faɗi, wasu gyare-gyare da filtoci ma basa aiki a CMYK, sannan baka san gobe a wace takarda za a sake buga shi ba, ko kuma a ce a sa shi a intanet. Ka ajiye uwar fayil a RGB da leyoyinta, wato hawa-hawan zanen da aka ɗora a kan juna, duk lokacin da za a buga ka cire kwafi ka juya kwafin. Yayin aikin kuma ka riƙa leƙa yadda zai fito ta hanyar da ke tambaya ta 9 don kada ka gina komai a kan kalar da ba za ta rayu ba.

6. Menene firofayil ɗin kala, kuma wanne zan zaɓa?

Nan ne mutane da yawa suke ɓata, suna zaton CMYK abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Siyan 50 majenta 50 a takarda mai sheƙi daban yake fitowa da a takardar jarida. Firofayil ɗan fayil ne da ke bayyana yadda wani inji da wata tawada da wata takarda suke fitar da kala idan sun haɗu, ana kiran su firofayil na ICC, sunan ƙungiyar da kamfanoni irin su Adobe da Apple da Kodak suka kafa a 1993 don a samu tsari ɗaya. Ko RGB ma haka yake, akwai sRGB da HP da Microsoft suka fitar a 1996 wanda shi ne na intanet da yawancin wayoyi, akwai Adobe RGB na 1998 da ya fi shi faɗi ta ɓangaren kore da siyan.

Na bugu da zaka fi cin karo da su: U.S. Web Coated SWOP v2 na bugun mujallu a Amurka, GRACoL shi ma na Amurka ne, FOGRA39 da ake kira ISO Coated v2 da magajinsa FOGRA51 na Turai don takarda mai sheƙi, FOGRA52 don mara sheƙi, da Japan Color 2001. SWOP ɗin shi ne wanda Photoshop ya saba zuwa da shi a saite, shi yasa mutane da yawa suke amfani da shi ba tare da sun san sun zaɓa ba.

Wanne zaka ɗauka? Wanda mai bugun ya ce. Kira shi ko ka tura masa saƙo kafin ka juya komai, ka tambaye shi wane firofayil, wace takarda, kuma nawa ne iyakar tawada. Idan ya ce shi dai ka kawo CMYK kawai, to FOGRA39 ko GRACoL zaɓi ne mai hankali ga takarda mai sheƙi, sai ka dage a yi maka samfur.

7. Ta yaya ake juyawar a aikace?

A Photoshop hanya biyu ce. Image, Mode, CMYK Color ita ce gajeriya, amma tana amfani da duk firofayil ɗin da ke saite ba ta tambaye ka ba. Wadda nake so ka saba da ita ita ce Edit, Convert to Profile, nan zaka ga firofayil ɗin da fayil ɗinka yake kai, ka zaɓi wanda zai koma, ka zaɓi salon juyawa, kuma kana kallon canjin kafin ka amince. A Illustrator yana ƙarƙashin File, Document Color Mode. A CorelDRAW tun wajen buɗe sabon shafi ake tambayarka tsarin kala, sauran saitin yana Color Management a cikin Tools.

Ka kula da wani tarko, kusa da Convert to Profile akwai Assign Profile, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Convert yana canza lambobin don kalar ta zauna yadda ido ke ganinta. Assign yana barin lambobin yadda suke ya canza musu ma'ana, sai ka ga hoton ya sauya kala nan take. Assign amfaninsa kawai idan an turo maka fayil da ba shi da firofayil ko kaɗan, sai ka fara gaya masa ko shi wanene, yawanci sRGB, sannan ka juya.

8. Perceptual ko Relative Colorimetric, wanne ne daidai?

Duka biyun amsa ce ga tambaya ɗaya, me za a yi da kalolin da suka fita iyaka. Relative yana barin duk kalar da tawada za ta iya a inda take, waɗanda suka wuce iyaka ya jawo su zuwa mafi kusa. Matsalarsa idan kana da kore masu haske kala uku dab da juna dukansu a waje, suna iya haɗewa su zama ɗaya, inuwar da ka sha wahala ka zana ta ɓace. Perceptual kuma matse komai yake yi gaba ɗaya, har kalolin da ba su da laifi suna ɗan motsawa, amma tazarar da ke tsakaninsu tana nan, shi yasa ya fi dacewa da hoto mai kaloli masu ƙuna da yawa kamar faɗuwar rana ko furanni.

Ni ina farawa da Relative tare da kunna Black Point Compensation, wanda ke hana wurare masu duhu cushewa su zama baƙi ɗaya. Idan na ga wani wuri ya shafe sai in gwada Perceptual in kwatanta da ido. Sauran biyun, Saturation na jadawali ne da zanen lissafi, Absolute kuma na yin samfur ne don yana kwaikwayon har farin takardar, kada ka juya aikinka da shi.

9. Zan iya ganin yadda zai fito kafin a buga?

Zaka iya kusantowa. A Photoshop ka shiga View, Proof Setup, Custom ka sa firofayil ɗin mai bugu, daga nan Ctrl da Y zai riƙa kunna maka kamannin bugu yana kashewa ba tare da ya taɓa fayil ɗin ba. Ctrl da Shift da Y kuma zai shafa toka-toka a duk wurin da kalar ta fita iyaka. Farkon ganinka zaka ji kamar an zuba wa zanen ƙura, ka ɗan kau da kai na minti ɗaya ka dawo, ido yana sabawa, kuma mai karɓar takardar ba zai taɓa ganin na allon a gefe ba balle ya kwatanta.

Amma fa duk wannan ya dogara da gaskiyar allonka. Yawancinmu muna ƙure hasken allo, shi yasa bugu ke fitowa da duhu. Masu aikin bugu suna rage shi zuwa tsakanin 80 da 120 na kandela, wato ma'aunin ƙarfin haske, kuma suna daidaita allon da wata ƴar na'ura da ake liƙawa a jikinsa. Ko baka da na'urar, rage hasken har farin allo ya yi kusa da farar takarda da ka riƙe a gefensa, ka kashe saitin nan na dare da ke sa allo ya yi rawaya. Hasken da ake duba bugu da shi a ƙa'ida shi ne D50, wato mai zafin kala 5000 na Kelbin, kusa da hasken rana. A ƙarƙashin ƙwan fitila mai ja-ja ko mai shuɗi-shuɗi takarda ɗaya tana iya nuna maka fuska biyu, don haka ka fita da samfur bakin taga ka duba.

10. Baƙina ya fito kamar toka, wani lokaci kuma ƙananan rubutu suna fitowa da inuwar kala a gefe

Matsala biyu ce kishiyoyin juna kuma maganinsu daban. Baƙi 100 shi kaɗai idan ya rufe fili mai faɗi yana fitowa kamar gawayi mai haske, don tawada ɗaya ce siririya. Don babban fili ana yin baƙi mai kauri, a sa masa wasu a ƙasa, wanda aka fi sani shi ne siyan 60, majenta 40, rawaya 40, baƙi 100. Wasu masu bugu suna da nasu haɗin, tambaye su.

Ƙananan rubutu kuwa akasin haka ne, baƙi 100 kawai, sauran ukun sifili. Idan ka yi rubutu da baƙin RGB ka juya da SWOP, abin da zaka samu kusan siyan 75, majenta 68, rawaya 67, baƙi 90 ne, wato kowane harafi sai an buga shi sau huɗu a wuri ɗaya, filet ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne sai ka ga ja ko shuɗi yana leƙowa a gefen haruffa, karatu ya yi wuya. Shi yasa ya fi kyau a yi rubutu a Illustrator, InDesign ko CorelDRAW a ɗora a kan hoton, maimakon a narkar da shi cikin hoton. Haka ma farin rubutu siriri a kan baƙi mai kauri, ka ƙara masa kauri kaɗan don kada tawada ta cinye shi. Sannan akwai wani baƙi a jerin kaloli mai suna Registration, shi 100 ne a duka huɗun, na alamomin gefen takarda ne kawai, kada ka taɓa zane da shi.

11. Mai bugu ya ce tawada ta yi yawa, me yake nufi?

Ka tara lambobi huɗun na wuri mafi duhu a aikinka. Baƙi mai kauri na tambaya ta 10 ya kama 240, Registration 400. Kowace takarda tana da abin da za ta iya sha, mai sheƙi wajen 300 zuwa 330, ta jarida wajen 240. Idan ka wuce, tawada ba ta bushewa da wuri, tana shafar bayan takardar da aka ɗora a kai, wurare masu duhu su cushe. Firofayil mai kyau da kansa yake tsayar da jimlar a iyakarsa lokacin juyawa, matsalar tana zuwa ne idan ka ci gaba da ƙara duhu bayan ka riga ka juya, ko ka ɗora inuwa a kan inuwa. Output Preview na Acrobat Pro da Separations Preview na InDesign suna haska maka wuraren da suka wuce.

12. Takarda tana da tasiri har haka?

Sosai ma. Mai sheƙi tana riƙe tawada a samanta, kala ta fito da ƙarfi. Mara sheƙi tana tsotsewa, ɗigo ya bazu, kala ta yi sanyi, baƙi ya ragu. Kuma babu farar tawada a CMYK, farin zanenka farin takardar ne, idan takardar mai ruwan madara ce to komai zai karkata can, shuɗi mai haske ma yana iya ɗaukar kore-kore.

13. A Canva ko a waya nake aiki, ya zan yi?

Canva a RGB yake aiki, amma wajen saukewa idan ka zaɓi PDF Print akwai zaɓin CMYK ga masu asusun biya, sai dai baka da ikon zaɓen firofayil irin na tambaya ta 6, don haka ka buɗe abin da ka sauke ka duba shuɗi da baƙi da kyau. Procreate yana barinka ka zaɓi CMYK lokacin buɗe sabon shafi. Cikin na kyauta, Krita yana aiki da CMYK kai tsaye, Scribus kuma an gina shi ne don shirya aikin bugu, zaka iya kai zanen Inkscape can ka fitar da PDF.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani, PNG ba ya ɗaukar CMYK kwata-kwata. Ko ka juya aikinka, da zarar ka ajiye shi a PNG ya koma RGB. TIFF, PSD, PDF da JPEG su ne ke iya riƙewa. Kuma kada ka tura aiki ta manhajar hira a matsayin hoto, tana matse shi ta rage masa inganci, tura shi a matsayin fayil.

14. Firintar gida ko ta ofis fa, ita ma sai na juya?

A'a, bar shi a RGB. Duk da tawadar CMYK ce a cikinta, direbanta, wato manhajar da ke sarrafa ta a kwamfuta, RGB yake jira ya juya da kansa, idan ka ba shi CMYK sai ya mayar RGB ya sake juyawa, kala ta ƙara lalacewa. Manyan firintocin hoto masu tawada 8 ko 12 ma haka ne, suna iya fitar da kalolin da suka wuce CMYK na maɗaba'a, idan ka juya tun farko kai ka jefar da su da hannunka. Wasu masu buga banna da riguna su ma RGB suke so, shi yasa tambayar mai bugu take gaba da komai.

15. Kwastoma ya dage sai kalar tambarinsa ta fito daidai, ko yana son kala mai walƙiya

Nan ne ake shigo da tawada ta musamman, wadda ake haɗawa a gwangwani tun kafin a zuba a inji, a buga ta a filet nata daban. Tsarin da aka fi sani shi ne na Pantone, tun 1963 suke da littafin kaloli mai lambobi, ka faɗi lamba mai bugu a ko'ina ya haɗa irinta. Da ita ake samun ruwan lemo mai ƙuna, kala mai walƙiya, ruwan zinare da azurfa. Tana ƙara kuɗin aiki don filet ne na biyar, kuma ba kowane injin dijital ke yinta ba. Ka zaɓi kalar daga littafin takarda na gaske, ba daga allo ba, ka kuma lura da harafin ƙarshen lambar, C na takarda mai sheƙi ne, U na mara sheƙi, tawada ɗaya ce amma fitowarsu daban.

Idan kuɗin bai kai nan ba, ka zauna da kwastoman tun kafin bugu ka nuna masa samfur a takarda ya sa hannu. Wallahi wannan zaman na minti goma ya fi duk wani bayani da zaka yi bayan an buga dubu.

16. Wane irin fayil zan miƙa?

PDF, sai in an ce maka wani abu daban. PDF/X-1a tsohon tsari ne mai tsauri, CMYK da tawada ta musamman kawai yake karɓa, yana kuma narkar da duk wani abu mai shara-shara. PDF/X-4 yana barin shara-shara yadda yake, yana ma yarda da hotunan RGB masu firofayil don injin mai bugu ya juya su da kansa a ƙarshe, maɗaba'u na zamani da yawa sun fi son wannan. Hotuna su kai fiksel 300 a kowane inci a girman da za a buga su, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, rubutu kuma ko ka saka font ɗin a ciki ko ka mayar da shi zane. Kafin ka tura ka kunna Overprint Preview ka duba, farin abu da aka sa wa overprint, wato umarnin a buga shi a kan kalar da ke ƙarƙashinsa, bisa kuskure ɓacewa yake yi gaba ɗaya a bugu alhali a allo yana nan.

17. Na riga na juya na ajiye, zan iya komawa RGB kalar ta dawo?

Ba za ta dawo ba. Fayil ɗin zai koma RGB amma da kalolin da suka riga suka dusashe, kuma kowace juyawa tana ƙara ɗan lahani, baƙi 100 ɗinka ma zai tarwatse ya zama na tawada huɗu. Idan baka rufe manhajar ba ka koma baya ta History, wato jerin matakan da ka bi, idan ka rufe sai dai uwar fayil da aka yi magana a tambaya ta 5.

18. Da na juya sai hasken da na yi da leyoyi ya canza kama, ba kala kaɗai ba

Salon haɗa leya irin su Screen, Overlay da Color Dodge lissafi ne a kan lambobin kala, to da lambobin suka koma na tawada sai sakamakon lissafin ya canza, wasu leyoyin gyara ma Photoshop zubar da su yake yi. Maganin shi ne a kwafin da zaka juya ka haɗe leyoyin hoton su zama ɗaya tukuna, sannan ka juya. Rubutu da tambari ka bar su a waje ka ɗora daga baya kamar yadda aka ce a tambaya ta 10.

19. Samfur ya fito ya fi allo duhu kuma fuskoki sun yi ja, me zan gyara?

Fara da hasken allonka, tambaya ta 9, don sau da yawa fayil ɗin ne mai duhu allon yake ɓoye maka. Bayan haka akwai bazuwar ɗigo, ɗigon da ka rubuta 50 yana iya fitowa kamar 65 ko fiye a takarda, musamman mara sheƙi. Firofayil daidai yana lissafa wannan, wanda ba daidai ba kuwa, misali ka juya da na takarda mai sheƙi aka buga a mara sheƙi, shi ke kawo duhun. Idan firofayil ɗin daidai ne kuma har yanzu da duhu, ɗaga tsakiyar Curves, wato layin gyara haske da duhu na Photoshop, kaɗan, kada ka taɓa ƙarshen fari da na baƙi.

Fuska kuma ka auna ta da lamba, kada ka yarda da ido kaɗai. Ɗora alamar auna kala a goshi ko kumatu inda babu ƙyalli babu inuwa. A fatar mutum kowace iri rawaya kan yi daidai da majenta ko ta ɗan fi ta, idan majenta ta hau sama fuska za ta yi ja kamar ta ƙone. Fata mai duhu tana ɗaukar siyan da baƙi fiye da mai haske, kuma nan ne ake yawan cushewa, kumatu da gashi da inuwar wuya su haɗe su zama abu ɗaya, don haka ka buɗe wurare masu duhun kaɗan tun a RGB, ka tabbata Black Point Compensation na kunne, ka sake juyawa daga uwar fayil. Sai ka nemi samfur na biyu a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, ka riƙe shi kusa da na farko a hasken rana ka duba goshin da gefen wuyan.